Keke Daidai Da Mahayinsa

A garin Yawuri, a bakin kogin Kwara, aka haifi malamin da wannan labari ya shafa, a can kuma ya yi wayo. Saboda haka tun kafin a sa shi makarantar boko ya iya ruwa, kamar yadda yaran bakin kogi kan iya ba tare da wani ya zaunar da su ya koya musu ba. Gudu ma ba baƙonsa ba ne, domin ya taɓa wakiltar makarantarsu a tseren mita 1,500 sa'ad da yake sakandare. Amma abin da ya fi bugun ƙirji da shi shi ne sanin keke. Mahaifinsa, wanda ya shekara talatin yana koyarwa a makarantun firamare na karkara, yana da wani baƙin Rali, ƙirar birnin Notingam na Ingila, mai birkin sanda da kariya da gidan sarƙa. A kan wannan keke malamin ya koyi tuƙi yana ɗan shekara bakwai, ta hanyar zura ƙafa ta cikin firam yana tuƙawa a karkace, don ko kusa bai kai ga sirdi ba. Ranar da ya fara zama a kan sirdin nan ƙafarsa ta taɓo feda, ranar ya ji ya shiga sahun manya. Sau biyu keken yana karyewa a gindin wuya, sau biyu mai walda na bakin kasuwa yana ɗinke shi, ya kuma ci gaba da aiki kamar ba a yi ba. Daga nan malamin ya tashi da abu biyu a ransa waɗanda bai taɓa tuhumarsu ba: babban keke shi ne keken magidanci, kuma duk abin da ya karye a jikin keke wuta tana gyara shi.

A shekarar 2015 kwalejin da yake koyarwa ta sake shi ya tafi birnin Lidis na ƙasar Ingila karatun digiri na uku a fannin ilimi. Ya bar mata da 'ya'ya uku a gida. Zaman ɗakin karatu da sanyi da cin burodi dare da rana suka taru suka yi masa teɓa, har watarana likita ta auna jininsa ta ce sukarinsa ya kai bakin iyaka, in bai motsa jiki ya rage nauyi ba, ciwon na nan tafe. Ba ta san abin da ta taɓo ba. Ciwon sukari ne ya yi ajalin mahaifinsa, bayan an yanke masa ƙafar dama, ƙafar da ta shekara talatin tana taka feda.

Cikin watan Yuni na 2016, ana azumi, ya fito daga ɗakin karatu da yamma ya tarar an tsare titunan tsakiyar gari, jama'a sun yi dafifi suna sowa. Ya tambaya, aka ce masa ai gasar tirayatalon ce ta duniya, karo na farko da aka kawo ta Lidis. Ya tsaya ya ga wasu 'yan'uwa biyu, 'yan asalin yankin, Alistair Brownlee da ƙanensa Jonathan, sun shigo na ɗaya da na biyu. Bayan wata biyu suka sake yin haka a gasar Olamfik ta birnin Riyo. To amma ba su ne suka tsaya masa a rai ba. Abin da ya tsaya masa shi ne labarin da wani na kusa da shi ya ba shi, cewa a wannan ƙarshen mako ɗaruruwan mutane gama-gari, har da masu furfura da masu tumbi irin nasa, sun faɗa tafkin lambun Roundhay sun yi irin wannan tsere daidai ƙarfinsu.

Ita dai tirayatalon tsere uku ce a haɗe, ba hutu a tsakani: iyo, sa'annan keke, sa'annan gudu. A shekarar 1974 aka fara ta a yadda aka san ta a yau, a birnin San Diyego na Amurka. A 1978 aka yi doguwar nan ta tsibiran Hawayi da ake kira Ironman, inda mutum goma sha biyar suka fara, goma sha biyu suka gama. Ta shiga wasannin Olamfik a birnin Sidni a shekarar 2000, da tsawon da ya zama ma'auni: iyo na kilomita 1.5, keke na kilomita 40, gudu na kilomita 10. Malamin ya yi lissafi a ransa. Ruwa ya iya, gudu zai dawo da shi, keke kuwa ai gadonsa ne. Saura kawai ya sami keken.

Nan gizo ke saƙar. A daidai wannan wata ne darajar Naira ta faɗi ƙasa warwas, kuɗin da ke zuwa masa daga gida ya zama kamar an tsoma gishiri a ruwa. Ya kama aikin jera kaya a wani kanti ranakun Asabar da Lahadi, yana raba abin da ya samu kashi biyu, rabi gida, rabi haya da abinci. Cikin wata biyar ya tsimi Fam 450. Wani abokin karatunsa ya ba shi shawara, ya ce da wannan kuɗi kada ya nemi sabon keke sukutum, ya sayi firam mai kyau, sauran kayan kuwa, taya da giya da birki, ya haɗa da na hannu. Ya kuma kwatanta masa wani ɗakin gyaran kekuna na 'yan sa-kai, inda mutum kan biya 'yan kuɗi kaɗan ya yi amfani da kayan aiki, a kuma nuna masa abin da bai sani ba.

A wannan ɗaki ya haɗu da wani dattijo, ɗan shekara saba'in da ɗoriya, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana ƙera firam na ƙarfe da hannu. Mutanen wurin, har da yara sa'annin jikokinsa, da sunansa tsagwaron suke kiransa, kamar yadda al'adar ƙasar take. Malamin ya gwada sau ɗaya, harshensa ya ƙi. Sai ya riƙa ce masa Baba, ya kuma gaya masa ma'anarta. Dattijon ya yi dariya ya karɓa. Shi kuwa, ko da yake malamin ya ba arba'in baya, "yaro" yake ce masa, yadda dattawan Yokshaya kan kira duk wanda suka girma.

Da farko zuciyar malamin ba ta kan sanholo, wato alminiyam, wanda wasu ke kira goran-ruwa. Shi a saninsa sanholo na tukunya ne da ludayi, abin da kan lotse in ya faɗi. Ya ga wani firam na kabon a intanet, irin wanda aka ƙera musamman domin wannan gasa, baƙi siɗik, bututunsa a faffaɗe kamar wuƙa. Na hannu ne, amma duk da haka kuɗinsa ya ninka abin da ke aljihunsa. Ya nuna wa Baba hoton a waya. Baba ya duba, ya mayar masa, ya ce, "Ya yi kyau, yaro. Da me za ka tafi makaranta ran Litinin?" Gaskiya ne, irin wannan keke ba ya son kwana mai kaifi, ba ya son gangara, ba ya son cunkoson motoci, ƙungiyoyin masu keke da yawa ma ba su yarda a shiga ayarinsu da shi. Ga kuma illar kabon na hannu, yana iya tsagewa ta ciki, fentin waje yana ƙyalli. Mai kuɗin keke ɗaya tak, in ji Baba, keken titi ya kamace shi, wanda zai yi atisaye da shi, ya je aiki da shi, ranar gasa kuma ya ɗan sauya masa zama.

Daga nan ya ɗauko guntayen bututu biyu daga cikin kwandon tarkace, ya ɗora masa a tafin hannu, ya shiga yi masa bayanin da malamin bai taɓa ji ba a duk shekarun da ya yi yana taƙama da sanin keke. Idan aka yanko sanholo da ƙarfe masu girma ɗaya, sanholon kimanin sulusin nauyin ƙarfen ne. Gunduwar da ke da santimita ɗaya ta kowace fuska, ta sanholo giram 2.7 ce, ta ƙarfe kuwa kimanin giram 7.8. Sai dai taurinsa wajen ƙin lanƙwasuwa shi ma sulusin na ƙarfe ne. Ashe ke nan in an yi bututu biyu masu faɗi ɗaya, abin da aka samu ta wajen sauƙi an rasa shi ta wajen tauri. Haka kuwa aka yi da farko. Kamfanin Alan na Italiya a 1972, da Vitus na Faransa a 1979, sun fitar da firam na sanholo masu siraran bututu da aka haɗa da danƙo, ga su sakayau, amma ƙaƙƙarfan mahayi in ya danna feda sai ya ji keken yana rangaji a ƙarƙashinsa. Dabarar tana ga faɗin bututun. In aka ninka faɗinsa sau biyu ba tare da an ƙara kaurin bangonsa ba, nauyinsa ya ninka sau biyu ne kurum, amma taurinsa ya ninka kusan sau takwas. Malamin ya tuna da gora, wadda cikinta fayau ne amma ake kafa rumfa da ita. Wani Ba'amurke mai suna Gary Klein ne ya kama wannan hanya tun cikin shekarun 1970, kamfanin Cannondale ya biyo baya a 1983, kekuna masu ƙosassun bututu suka cika tituna. Har a 1998 Marco Pantani ya ci babban tseren zagayen Faransa a kan keken sanholo ƙirar Bianchi, kafin kabon ya karɓe fagen manya.

Wannan bayani ya kwantar masa da hankali, har ma ya wuce gona da iri. Cikin mako guda ya samo wani firam na sanholo na hannu, ja jawur, ƙirar wani shahararren kamfani, wanda sabonsa ya fi ƙarfin irinsa nesa ba kusa ba. Mai shi, wani dogon mutum mai fara'a, ya ce Fam 150, ya kuma yarda ya tafi da shi ya nuna wa masani kafin ya biya. Lambarsa 58. Malamin ya rungumo shi a bas kamar wanda ya ɗauko amarya. Tun a hanya ya aika wa maiɗakinsa hoto, ya rubuta mata cewa Allah ya kashe ya ba shi.

Baba bai ce uffan ba. Ya ɗaure firam ɗin a marataya, ya juya cikinsa sama, ya goge shi da tsumma da sabulu, ya ɗauko 'yar tocila da gilashin ƙara girma. Ya fara da gidan feda, ya koma bakin bututun sirdi inda ake ɗaure shi, ya duba ƙafafun baya kusa da inda taya ke shiga. Da ya zo ƙarƙashin wuya, inda babban bututun ƙasa ya haɗu da shi, sai ya daɗe. Can ya miƙa wa malamin gilashin. A gefen waldar akwai wani baƙin zare, bai fi tsawon farce ba, siriri kamar gashi.

"Ai ƙarzuwar fenti ce, Baba."

"Sa farcenka."

Ya sa. Farcen ya maƙale.

"To a yi masa walda mana," in ji malamin. "Na mahaifina sau biyu ana yi masa a daidai wannan wuri."

"Na mahaifinka ƙarfe ne, yaro. Ni ma da na ƙarfe ne da yanzu na hura wuta."

Abin da malamin ya fahimta a wannan yammaci shi ne, sanholon keke ba tsantsa ba ne, gauraye ne, kuma ƙarfinsa daga gashi yake samuwa. Iri biyu aka fi amfani da su. Akwai mai lamba 6061, wanda aka gauraya da maganiziyam da silikon, akwai kuma 7005, wanda tutiya ta fi yawa a gaurayensa. Zafin walda yana sassauta duk inda ya taɓa. Don haka a masana'anta, bayan an gama haɗa firam na 6061, akan sa shi gaba ɗaya a tanda mai zafin da ya haura digiri 500, a tsoma shi a ruwa nan take, a daidaita shi, a sake gasa shi na tsawon sa'o'i a kimanin digiri 175, sa'annan ƙarfinsa ya dawo. Shi 7005 bai kai haka wahala ba, amma shi ma ba aikin bakin titi ba ne. Wanda ya ɗinke tsagar nan da wuta ya tsaya nan, ya rufe rauni ɗaya ne ya buɗe wani a gefensa. Kuɗin yin aikin yadda ya kamata kuwa ya fi kuɗin firam ɗin.

Har ila yau akwai abin da masana ke kira gajiyar ƙarfe. Baba ya ɗauki guntuwar waya ya yi ta lanƙwasa ta gaba da baya har ta tsinke, ya ce haka kowane taka feda yake yi wa firam, kaɗan-kaɗan. Bambancin shi ne, ƙarfe yana da wani mizani wanda in nauyin da ake ɗora masa bai kai shi ba, to kusan ba ya gajiya ko an shekara nawa. Sanholo ba shi da wannan rangwame, kowace lanƙwasa komai ƙanƙantarta tana shiga lissafi. Wannan ba ya nufin keken sanholo abin tsoro ne, domin masu ƙira sun san da haka, suna kauraro bangon bututu a bakin walda su sirantar da shi a tsakiya, kuma mai kyau yakan yi shekaru da yawa lafiya lau. Amma wanda ya sayi na hannu ya sayi tarihin da ba a gaya masa ba: ramukan da aka faɗa, karon da aka yi, da gishirin da ake watsa wa titunan Ingila lokacin ƙanƙara, wanda kan ci sanholo ta ƙarƙashin fenti har ya yi farin gari. Tsaga a gindin wuya kuwa ita ce mafi muni, domin in ta ƙarasa, a gangara takan ƙarasa, tayar gaba ta yi nata wuri, mahayi ya sauka da fuska.

Malamin ya mayar wa dogon mutumin kayansa, ya nuna masa wurin. Mutumin ya yi shiru, fuskarsa ta sauya, domin ashe har makon da ya wuce ɗansa yana hawa. Bai san da ita ba.

Abin da ya fi yi wa malamin ciwo bai zo ba sai da ya koma. Baba ya ce ko da ma firam ɗin lafiyarsa ƙalau, da bai bar shi ya saya ba, don ba nasa ba ne. Ya sa shi ya tuɓe takalmi ya jingina da bango, ya matse wani littafi a tsakanin cinyoyinsa kamar sirdi, ya auna daga bakin littafin zuwa ƙasa: santimita 81. Tsayinsa gaba ɗaya 173. Ya ninka 81 da 0.883, wani tsohon lissafi da aka fi sani da sunan Greg LeMond, ya sami 71.5, ya ce wannan ne kimanin nisan da zai kasance daga tsakiyar gidan feda zuwa saman sirdi. Sa'annan ya rubuta 54 da alli a kan teburi.

"Baba, wannan ai na yara ne."

"Na mai tsayinka ne."

Malamin ya yi gardama sosai, irin gardamar wanda ya saba a saurare shi a aji. Ya ce ai sirdi ana sauke shi, kan keke ana matso da shi. A wannan ɗakin, shi da ya shekara goma sha biyu yana gaya wa ɗalibai masu neman zama malamai cewa a auna yaro kafin a yanka masa darasi, shi ne ya tsaya yana neman a yanka masa abin da ya fi shi.

Baba ya bi shi a hankali. Ya ce a tsere irin wannan babban abokin gaba iska ce. In gudu ya kai kilomita 30 a sa'a, mafi yawan ƙarfin mahayi wajen keta iska yake tafiya, kuma kaso mafi tsoka na abin da iskar ke tokara jikin mutum ne, keken kaɗan ya ɗauka. Ƙwararrun da ya gani a tsakiyar gari an yarda musu su tafi a dunƙule, wani ya fake a bayan wani. A irin gasar da shi zai shiga kuwa an hana, dole ya bar tazarar mita 10 tsakaninsa da na gabansa, shi da iska sai Allah. Maganin haka shi ne wasu sanduna biyu da ake ɗaurawa a kan keke, mahayi ya kwanta ya ɗora gwiwoyin hannunsa, ya tsuke kafaɗa. 'Yan tirayatalon ne suka fara yayinsu. A 1989 LeMond ya are su a ranar ƙarshe ta tseren zagayen Faransa, yana bayan Laurent Fignon da daƙiƙa 50, ya gama yana gabansa da daƙiƙa 8, bayan tafiyar mako uku.

To, wanda zai kwanta a kan sandunan nan yana bukatar gaban keke ya matso kusa da shi. In bututun sama ya yi tsawo, sai ya yi ta miƙa kamar mai ɗebo ruwa a rijiya mai zurfi, wuya ya ƙage, baya ya riƙe. Bugu da ƙari, bututun sirdi na keken titi yakan kwanta baya a kusurwar digiri 73 ko 74, na keken tirayatalon kuwa ya fi miƙewa, 76 zuwa 78. Dalili shi ne, in mutum ya sunkuya alhali sirdinsa na can baya, cinyarsa za ta riƙa dukan cikinsa, numfashi ya ƙuntata, ƙugu ya ɗaure, ga shi kuma da ya sauka gudun kilomita 10 na jiransa. A keken titi ana rage wannan ta hanyar turo sirdi gaba da sauya sandar da ke riƙe da shi. Ƙaramin firam yana karɓar wannan gyara. Babba ba ya karɓa, don ba a rage tsawon bututu da sifana. Saboda haka, in ji Baba, wanda ya faɗa tsakanin lamba biyu, ya ɗauki ƙaramar. Ya ƙara da cewa lambar ma kanta ba abar dogaro ba ce, 54 na wannan kamfani ba 54 na wancan ba ne. Abin dubawa awo biyu ne, dukkansu daga gidan feda zuwa saman wuya: nawa ya tashi sama, nawa kuma ya miƙa gaba.

A daren nan ya kira gida. Ya gaya wa maiɗakinsa cewa jan keken ya faɗi jarrabawa, kuma wai an ce ma ya yi masa yawa.

"Malam, wai keke ne har da lamba kamar takalmi?"

"Haka suka ce."

"To ai ko takalmi ne ba ka sa na Yaya don ya fi tsada."

Ya yi shiru. Sa'annan ya kawo maganar da ta fi damunsa, cewa kuɗin nan da zai zuba a keke ya isa kuɗin makarantar yara na zango guda har da canji, ko dai ya haƙura ya turo. Ta ce na wannan zango ta riga ta biya da kuɗin adashinta. Ta ce, "Ni na yi jinyar Baba tare da Inna, na ga abin da na gani. Ka sayi wanda ya yi maka daidai, ka hau."

Wanda aka samu daga ƙarshe ba abin nuna wa mutane a waya ba ne. Wani mai kantin kekuna, sanin Baba, yana da ragowar firam sabo fil a ɗakin ajiya, samfurin shekara biyu da suka wuce, ruwan toka, waldarsa a fili kamar ɗinkin buhu. An rubuta 6061 a gindin bututun sirdi. Fam 220, haɗe da fok na kabon. Baba ya bi shi da tocila kamar yadda ya bi wancan, duk da cewa sabo ne, sa'annan ya shiga nuna wa malamin abubuwan da shi da kansa ba zai taɓa kula da su ba. Ramin sandar sirdi zagayayye ne mai faɗin milimita 27.2, irin wanda ake samun sandarsa a ko'ina, har da mai turo sirdi gaba. 'Yar maratayar giyar baya da kusoshi aka ɗaura ta, in keke ya faɗi ita za ta lanƙwashe a sauya ta da 'yan kuɗi kaɗan, firam ya tsira. Akwai sararin da zai ɗauki taya mai faɗin milimita 28, wadda ke shanye gargadar hanya fiye da duk abin da ake faɗa game da taushin wannan ƙarfe ko wancan. Akwai kuma 'yan ramukan ɗaura madigadi, waɗanda malamin ya raina, ya ce keken tsere me ya haɗa shi da madigadi. Ruwan saman Yokshaya ya ba shi amsa tun a makon farko.

Sun yi Asabar huɗu suna haɗa shi. Da aka gama aka rataya shi a sikeli, ya ba da kilo tara da rabi. Malamin, wanda ya riga ya karanta cewa kekunan ƙwararru kan sauka har kilo 6.8, iyakar da hukumar tseren keke ta duniya ta yanka tun shekarar 2000, ya ɗan ɓata fuska. Baba ya dube shi daga sama zuwa ƙasa, ya tsayar da ido a tsakiya, ya ce kilo ukun da yake nema suna nan tare da shi, har da ƙari, kuma cire su ba ya cin ko kwabo.

Ba za a ce zaɓin ba shi da aibi ba. Da aka turo sirdi gaba, nauyi ya ƙaru a kan tayar gaba, keken ya zama mai saurin firgita, sai da ya yi makonni kafin ya iya kwanciya a kan sandunan ba tare da ya yi tangal-tangal ba. Birki da giya suna can a kan keke, duk sa'ad da zai taɓa su sai ya ɗago hannu ɗaya. Keken da aka ƙera domin gasar zalla ya fi shi a miƙaƙƙiyar hanya, wannan ba a musu. Amma da shi ya yi ta zuwa jami'a, da shi ya hau tuddan arewacin Lidis cikin hunturu yana haki, yana dawowa ya wanke masa gishiri da ruwan ɗumi kafin ya wanke nasa jikin.

A watan Satumba na 2017 ya shiga wata ƙaramar gasa a bakin wani tafki, mai tsawon Olamfik. Ruwan ya fi na Kwara sanyi nesa, amma ruwa ruwa ne, ya fito cikin minti 29 a gaban mutane da yawa da suka fi shi ƙuruciya. Ya ɓata minti huɗu yana kokawa da rigar roba. Ya sa hular kwano kafin ya taɓa keke, kamar yadda doka ta ce. A kan hanya masu baƙaƙen kekunan nan na kabon suka yi ta wuce shi suna kuwwa kamar jirgi, shi ma ya wuce wasu, cikinsu har da wani mai irin keken da ya fara gani a intanet, yana zaune tsaye a kansa yana dafe da ƙugu. Ya gama kilomita 40 cikin sa'a ɗaya da minti 21. Da ya sauka, ƙafafunsa suka zama kamar na aro, ya yi kilomita ɗaya yana jan su, daga nan suka dawo nasa. Bayansa bai riƙe ba. Ya tsallake layi a sa'a biyu da minti 54, can cikin rabin baya na jerin sunaye. 'Yarsa ta fari ta tambaye shi a waya ko shi ya zo na ɗaya, ya ce a'a. Ta ce na biyu fa, ya ce ta ba mamanta wayar.

Ran Asabar ya tura keken zuwa ɗakin gyara, lambar gasa tana manne a sandar sirdi. Ya shirya zai faɗi lokacinsa dalla-dalla. Baba bai tambaya ba. Ya ɗaure keken a marataya, ya juya cikinsa sama, ya goge ƙarƙashin wuya da tsumma. Ya ɗauko tocilar, ya riƙe ta jim kaɗan, sa'annan ya miƙa wa malamin tare da gilashin, ya koma wajen wata yarinya da sarƙarta ta zame. Malamin ya durƙusa, ya fara da gidan feda.